Littafin da Ya Huda Kwano

A layin masu gyare-gyare, tsakanin shagon Mai Aski da rumfar Mai Walda, akwai wani ɗan lungu da ba zai ci tabarma biyu ba. Nan Mai Laima ya shekara arba'in yana ɗinke wa mutane laima yana miƙe musu ƙarafunanta. Gyaran laima kam ya iya, wannan ko maƙiyinsa ba zai musa ba. Inda gizo ke saƙar shi ne, bakinsa ya fi hannunsa sauri. Tun ranar da ya yi sa'a ya gyara wata kujerar naɗewa, sai ya yanke hukunci cewa duk abin da ke buɗewa ya rufe a duniyar nan a ƙarƙashinsa yake, daga zif ɗin jaka har ƙofar jirgin sama. Shi ya raɗa wa kansa suna Injiniya. 'Yan layi suka kama masa, tunda kiran ba ya rage su da komai, ga kuma dariya a ɓagas.

Matarsa kowa Inna yake ce mata, shi kaɗai ke kiranta 'Yar Magini. Mahaifinta baƙo ne, daga wata ƙasa mai nisa ya zo, kuma yana cikin waɗanda suka gina hasumiyar agogon da ke ƙarshen layin. Ya rasu bai bar mata gida ko gona ba, hotonsa ma guda ɗaya tak gare ta: ga shi tsaye a gindin hasumiyar tun tana rabi, hannunsa duk siminti. Hoton yana cikin ambulan, ambulan cikin gwangwani, gwangwani a can ƙasan akwatinta. Inna ba ta da wani buri da ya wuce ta ba da labarin mutumin nan daga farko har ƙarshe, mijinta yana zaune yana ji.

Ba ta taɓa samu ba.

"Ranar da Baba ya sauka a tasha," takan fara, "ko gaisuwar mutanen garin nan bai iya ba. Abu uku ne a hannunsa. Cokalin gini, da igiyar awo, da..."

"Igiyar awo!" sai Mai Laima ya tari numfashinta. "Kin tuna mini. Ai ni da ido nake awo. Akwai wata rana..."

Shi ke nan, labari ya koma nasa. Ita kuwa ta riga ta ƙudure a ranta ba za ta faɗi na ukun ba sai da kunnensa a wurin, shi ya sa har 'ya'yansu suka girma suka watse ba wanda ya san ko mene ne.

Wata Litinin, damina ta kankama, Inna ta kawo masa abincin rana tana zaune a benci, sai ga Malama da littafi a hammata. Ita ce mai kula da ɗakin karatun yara, wani ɗan ɗaki mai rufin kwano da ke jingine da jikin hasumiyar.

"Inna, wurinki na zo," in ji ta bayan an gaisa. "Muna da littafi a kan gadojin wata ƙasa, muna da na fadojin wata. Yaran nan sun san gine-ginen can ƙarshen duniya, amma hasumiyar da suke wasa a inuwarta kullum ba su san hannun wa ya ɗora ta ba. Ranar Asabar ina so ki zo da hoton nan ki ba su labarin Baba."

Fuskar Inna ta washe. Kafin ta buɗe baki, Mai Laima ya riga ya zare littafin daga hammatar Malama. Yana buɗewa sai wata gadar takarda ta miƙe tsaye daga tsakiyar shafi, saura kaɗan ta taɓa masa hanci. Ya zabura, sannan ya maze kamar ba shi ba.

"Wannan kuma fa?"

"Littafi ne mai tashi, Baba. Kana buɗewa ginin ya miƙe, kana rufewa ya kwanta."

"Yana buɗewa?"

"E."

"Yana rufewa?"

"E, Baba."

Mai Aski, da ke jingine a ƙofar shagonsa yana wasa aska, ya dafe kai. "Wayyo Malama, kin janyo mana."

"To ai an zo fagena!" Mai Laima ya leƙa ƙarƙashin gadar, ya tsuke baki. "Takarda ce zalla! Ko sifirin ɗaya, naɗaɗɗen ƙarfen nan mai tsalle, babu. Yaro ya yi atishawa gadar nan ta rushe. Wannan aikin 'yan koyo ne. Ki ba ni zuwa Asabar, Malama, in yi miki littafin hasumiya wanda idan ya miƙe sai an roƙe shi ya kwanta."

"Baba, ni labarin kawai nake so."

"Labari ba littafi ai shayi ne ba sukari. 'Yar Magini, ki ciro mini hoton nan, shi zan sa a tsakiya."

Inna ta dube shi daga sama har ƙasa. "Malam, hoton nan shi kaɗai gare ni."

"Ni ma ai ke kaɗai gare ni. Na taɓa ɓatar da ke?"

"Sau biyu. A tasha."

"Wannan tashar ce ta cika girma."

Sai da aka kai ruwa rana kafin ta yarda, shi ma don Malama ta ce idan hoton yana cikin littafi yara za su fi riƙe shi a rai. Inna ta kafa masa sharaɗi uku a gaban shaidu: ba gam, ba almakashi, ba ruwa. Ya buga ƙirji ya ce ko ƙuda ba zai sauka a kansa ba. Ta ce sai ranar Juma'a za ta ba shi, idan ta ga littafin da idonta.

Talata ya fara. Ya yanka kwali ya yi hasumiya, ya zana mata agogo da bakin kofi, ya cire sifirin wata 'yar laimar jaka ya ɗaura mata a gindi. Da la'asar ya tara 'yan layi, ya ce kowa ya ja da baya. Ya buɗe. Hasumiyar ta taso a hankali kamar mai ciwon baya, ta kai rabi, ta rusuna gaba, ta tsaya a nan.

"Ladabi gare ta," in ji Mai Aski. "Gaishe da manya take yi."

Mai Walda, wanda ba ya magana sai da dalili, ya ce, "Ƙarfi ne ya yi mata kaɗan."

Da ya san abin da kalmar nan za ta haifar da ya haɗiye ta. Mai Laima ya ɗaga kai ya dubi laimomin mutane da ke rataye a saman lungunsa suna jiran gyara, sun kai ashirin, kowace da ƙarafunanta da sifirinta. Ya ce a ransa aro ne, ranar Lahadi kowa zai ga kayansa. Kafin magariba ba wadda ta rage da ƙashi a jikinta. Duk wanda ya zo karɓar tasa sai ya ji, "Ciwonta ya fi yadda kake zato, ka dawo wani mako."

Laraba Inna ta dawo daga kasuwa a gajiye, ta zauna a bakin gado don ta huta. Sai ta ji tana tafiya ƙasa, tana tafiya, har gwiwoyinta suka zo daidai haɓarta. Da ƙyar maƙwabciya ta zaro ta. Ta nufi layi ko mayafi ba ta daidaita ba.

"Malam, ina cikin gadonmu ya tafi?"

"Ya tafi aikin tarihi."

"Ƙofofin kabad ɗina fa?"

"Kin taɓa ganin babban littafi ba bango?"

Ga su kuwa a ƙasa, ƙofofi biyu an haɗa su da hinji, sifirin gado shida a tsakani, hasumiya ta koma ta langa-langa da ƙarafunan laima. Mutum biyu suka danne ya rufe. Ya ce a saki. Wannan karon ba ta yi ladabi ba. Fau! Ta miƙe ta ɗauke hular Mai Aski, ta aika ta kan rufin rumfar walda. Mai Laima ya yi tsalle yana tafi.

"Kun gani? Kun gani? Ina mai gadar takarda ya zo ya koyi aiki!"

"Mun gani, Injiniya," in ji Mai Aski yana shafa ƙoƙon kansa. "Saura ta kwanta."

Hasumiya ta ce ba ta san zancen ba. Aka tura, aka lallaɓa, aka yi mata barazana. Daga ƙarshe Mai Laima da Mai Walda da Mai Aski suka hau bangon suka zauna, littafin ya rufu yana ƙugi. Aka yi shawara za a tashi tare idan an ƙirga uku. Mai Laima ne ke ƙirgawa, ya tashi a biyu, Mai Walda ya bi shi. Mai Aski mutum ne siriri, ba shi da nauyin kirki. 'Yan layi sun ce sun ga tafin ƙafafunsa duka biyu a sama, kafin su ji tsulum a cikin durom ɗin ruwan da Mai Walda ke sanyaya ƙarfe.

Ya fito yana tsiyaya, ya nuna Mai Laima da yatsa.

"Wannan ƙaramar matsala ce," in ji Mai Laima. Ya shiga lungu ya ɗauko kwaɗo, ya garƙame littafin.

Duk mai hankali da nan ya tsaya. Amma ranar Alhamis ya wayi gari da sabon tunani: littafin da ba ya rufe kansa bai cika littafi ba. Mai Walda, wanda yanzu ya ƙosa ya ga ƙarshen al'amarin, ya ba shi wani tsohon sifirin babur, ya ma taya shi liƙawa. Dabarar ita ce, hasumiya na kaiwa sama sai wannan ya ja bangon ya rufe. Ya kuwa ja. Aka cire kwaɗo, hasumiya ta yi sama, kafin a ƙifta ido bangon ya haɗe garam kamar bakin kada. Ya tafi da tawul ɗin Mai Aski, da takalmin Mai Laima ƙafa ɗaya, da gefen rigar wani bawan Allah da ya fito kallo da rabin aski a kansa.

"Ku cece ni, ya kama ni!" mutumin ya kurma ihu.

"Kwantar da hankalinka, ba ya cin mutum," in ji Mai Laima, yana tsaye da takalmi ɗaya.

"Ka tabbata?" in ji Mai Aski.

Sai da aka yanke gefen rigar. Mutumin ya tafi da rabin aski da rabin riga, yana cewa ko a mafarki ba zai sake bin layin nan ba. Mai Laima ya zauna ya yi nazari, ya ɗaura igiya a jikin wata ƙugiya: muddin igiyar na ɗame littafin zai tsaya a buɗe, tana sakewa ya haɗe.

Mai Aski ya zagaya shi daga nesa. "Tsaya in gane, Injiniya. Kwaɗo don kada ya buɗe, igiya don kada ya rufe?"

"Ka fara fahimtar kimiyya."

"To wannan littafi ne ko kare?"

Juma'a ya yi masa ado. Ya lulluɓe bangon da yadin laimomin nan da ya kwance, ja nan, shuɗi can, mai furanni a tsakiya. Mai Walda ya ƙura wa mai furannin ido ya ce kamar ya san ta a hannun matarsa, Mai Laima ya ce yadi ai kama yake yi. Ya ɗauko tsinin ƙarfen wata ƙatuwar laimar kasuwa ya kafa wa hasumiyar a ka. Ya kuma ɗaure gindinta da sarƙar keke a jikin bango, don tsaro. Inna ta zo ta ga littafin a kulle, shiru kamar mutumin kirki. Ta miƙa masa ambulan da hannu biyu, ta daɗe ba ta saki ba.

A nan dai ya yi abin a yaba. Ya shimfiɗa hoton a shafi daidai gindin hasumiya, ya ɗora masa gilashi, ya ɗaure da sukurori huɗu, ba gam. Sai da ya gama ya tsaya ya kalli hoton, abin da bai taɓa yi ba a shekara arba'in. Ga surukinsa, ga hasumiya. A kusurwar ƙasa kuwa ga wata tsohuwar baƙar laima an kafa ta a tulin yashi, ta karkace gefe ɗaya, an ɗaɗɗaure ta da waya.

Ransa ya ɓaci. "Wane mugun ne ya gyara wannan? A littafina? Mutane su ce aikina ne?"

Ya ɗauki almakashi har ya kai hannu ga sukurori, sai ya tuna sharaɗi. Ya ajiye yana tsaki. Ya yanko koriyar takarda ya yi 'yar bishiya, ya manna ta a saman gilashin daidai laimar. Gam ɗin bai taɓa hoto ba, don haka a ganinsa alkawari na nan daram.

Malama ta biyo da yamma ta tambayi inda rubutun yake. Ya nuna mata shafin hagu, inda ya rubuta da fenti: WANNAN ITA CE HASUMIYAR DA INJINIYA YA AURI 'YAR WANDA YA GINA TA.

"Shi ke nan tarihin, Baba?"

"Yara ba sa son dogon zance."

Ranar Asabar hadari ya haɗu tun hantsi. Aka ɗora littafin a baro, Mai Walda na turawa, Mai Laima na gaba yana koran mutane daga hanya. Ɗakin karatun ya cika: yara wajen talatin a kan darduma, iyaye sun jeru a jikin bango, kantocin littattafai sun cinye sauran wurin. Inna na zaune a kujera kusa da tebur cikin kayanta mafi kyau, hannayenta a cinya. Mutum huɗu suka ɗora littafin a tebur, tebur ya yi ƙara. Mai Aski ya zaɓi wuri a bakin ƙofa, ya tuɓe hularsa ya cusa a aljihu.

Malama ta ga kwaɗo, ta ga igiya, ta sa yara su ja baya har sau biyu. Sannan ta ce, "Yau Inna za ta ba mu labarin mahaifinta. Bismillah, Inna."

Inna ta gyara zama. "Ranar da Baba ya sauka a tasha, ko gaisuwar mutanen garin nan bai iya ba. Abu uku ne a hannunsa. Cokalin gini, da igiyar awo, da..."

"Dakata, 'Yar Magini! Gani ya kori ji."

Inna ta rufe baki. Duk wanda ke ɗakin ya ga yadda kafaɗunta suka sauka, ban da shi. Ya ɗaure igiya a ƙafar tebur, ya yi jawabi a kan sifirin da muhimmancinsa ga al'umma, ya yi habaici ga masu gadar takarda, ya ce yau yara za su ga abin da za su ba jikokinsu labari. Wannan kam gaskiya ya faɗa. Ya ciro ɗan makulli daga wuyansa, ya murɗa.

Abin da bai lissafa ba shi ne, duk gwajin da ya yi a fili ya yi shi, inda ba rufi.

Ƙarar ta yi kama da an jefar da tarin tukwane daga bene. Hasumiyar ta miƙe, ba ta tsaya a miƙewa ba, ta tumɓuke daga shafi, ta bi ta gefen fanka, ta huda silin, ta huda kwano, ta maƙale can rabinta a waje, sarƙar keke ta ɗame tsakaninta da littafin. Garin silin ya sauko wa Mai Laima a ka, ya koma fari fat.

Sai wata 'yar yarinya mai giɓi ta tafa hannu. "A sake!"

Mai Laima ya share fuska, ya yi gyaran murya. "Jama'a, kamar yadda kuka gani, tsawon hasumiya..."

Sama ba ta bari ya ƙarasa ba. Ruwa ya kece kamar da bakin ƙwarya. Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, amma wannan karon ba shi kaɗai ba: ruwan ya biyo jikin hasumiyar ta hudar, ya biyo sarƙa, ya fara zuba shaa a tsakiyar shafi, yana gangarawa wurin gilashin.

Inna ta miƙe. Ba ta ce hotona ba. Cewa ta yi, "Baba!"

Tun da aka haifi Mai Laima bai taɓa jin tsoro irin na lokacin nan ba. Ya laluba aljihu, sukundireba na can lungu. Ya ja littafin gefe, sarƙa ta ce ba inda za shi. Ya kai hannu ya tare ruwan, ruwa ya bi ta tsakanin yatsunsa. Kimiyya ta gudu ta bar shi, ba abin da ya rage masa sai sana'ar da ya iya da gaske. Ya shiga ƙarƙashi, ya tattara ƙarfinsa na tsufa, ya juya littafin ya kife shi a saman kansa kamar laima, yadi a waje, hoto a ciki yana kallon ƙasa. Ruwa ya shiga sauka a kan ja da shuɗi da mai furanni, yana zuba gefe. Ko ɗigo bai shiga ba, don ɗinkin laima kam ya iya.

Sai dai wajen juyawar tebur ya kife, igiya ta zame daga ƙafarsa. Bangaye biyu suka fara matsowa a hankali, suna nufin kunnuwansa. Hannayensa duka biyu na sama. Duk da haka bakinsa bai daddara ba.

"Kada kowa ya tsorata! Wannan dama yana cikin tsarin..."

Inna ta sunkuya ta ɗauki igiyar, ta ja ta har ta ɗame, bangayen suka koma. Ta dubi igiyar, ta dubi mijinta. Ta naɗe bakin igiyar sau biyu, ta cusa masa tsakanin haƙora.

"Ciji, Malam. Ka saki, ya haɗiye ka da Baba gaba ɗaya."

Ya ciza.

Malama, da ta gama kwashe littattafan da ke kusa da hudar, ta ce wani ya ruga ya ɗauko sukundireba da filaya. Mai Walda ya leƙa waje, ya ga layi ya zama kogi. "To wa ke da laima?"

Ɗaya bayan ɗaya iyaye suka juyo suka zuba wa littafin ido.

"Waccan shuɗiyar tawa ce," in ji wani.

"Ni kuwa ga jar tawa can!"

"Na faɗa ta matata ce," in ji Mai Walda.

"Mmmf," in ji Mai Laima.

"Ya ce ciwonsu ya fi yadda kuke zato," in ji Mai Aski.

Aka bushe da dariya har da masu riƙe ciki. Kowa ya ce ba shi zai shiga ruwan nan ba, a jira ya tsagaita. Inna ba ta yi dariya ba. Ta jawo kujerarta ta shiga ƙarƙashin littafin ta zauna daf da ƙafafun mijinta, ta yafuto yara. Suka rarrafo suka cika wurin, wasu suka kwanta rigingine suna kallon hoton a sama. Danshi ya ci gam, 'yar bishiyar nan ta takarda ta saki, ta yi lilo ta sauka a goshin yarinya mai giɓi. Inna ta dubi bishiyar, ta ɗaga kai ta dubi mijinta. Ya kawar da ido.

"Abu uku ne a hannunsa," in ji ta. "Cokalin gini, da igiyar awo, da waccan laimar." Ta nuna kusurwar hoton. "Ni kuwa ina saɓe a kafaɗarsa, bai ƙirga ni cikin kaya ba. Uwata a hanya ta rasu. Ba shi da wanda zai bar wa ni, bai kuma iya bakin da zai roƙi kowa ba. Kullum da safe sai ya kafa laimar nan a tulin yashi ya kwantar da ni a ƙarƙashi, ya hau tsani. Ya ɗora bulo ɗaya ya leƙo ƙasa. In ya ga baƙar laima tana nan, ya ɗora na biyu. Haka aka gina hasumiyar nan da kuke gani, bulo ɗaya, leƙe ɗaya. Iska ta sha karya ta, shi kuma ya sha ɗaure ta da waya, shi ya sa ta karkace."

"Inna, mene ne wancan ɗan abin da ya leƙo ta ƙarƙashi?" wani yaro ya tambaya.

"Ƙafata ce."

Mai Laima ya wurga ido sama har wuyansa ya yi ƙara. Ga ta kuwa, 'yar ƙafa kamar ɗan yatsa, daidai inda almakashinsa zai bi jiya. Wani abu ya gangaro masa a kunci ya yi hanya cikin garin silin, kuma kowa ya san ba ruwan sama ba ne, don littafin ba ya yoyo.

Inna ta ci gaba. Ta faɗi yadda ya koyi maganar gari a bakin leburori, yadda matar mai gadi ta fara kawo mata madara, yadda ranar da aka ɗora agogo ya ɗauke ta ya hau da ita har sama ya nuna mata hanyar da suka biyo. Ba wanda ya yi tari. Ruwa kawai ke kiɗa a kan yadi.

"Ina laimar take yanzu?" in ji mai giɓi.

"Tana ƙasan akwatina. Bayan ya rasu na kai ta gyara. Masu gyara uku suka ce in jefar. Sai na samu wani saurayi mai surutu a wani ɗan lungu. Ya yini a kanta, ya miƙe mata ƙarafa ɗaya bayan ɗaya, ya ɗinke ta tsaf kamar tasa. Bai tambaye ni ta wa ce ba, don tun da na zauna har na tashi bai yi shiru ba. Na ce a raina, mai hannun nan ba mugu ba ne. Duk ranar da ya yi shiru zan gaya masa." Ta gyara mayafinta. "Yau Allah ya yi."

"Mmmf," in ji Mai Laima, a hankali.

Kowa ya juya wurin Mai Aski yana jiran fassara. Mai Aski ya buɗe baki, ya dubi fuskar abokinsa, ya rufe. Ya ciro hularsa ya shiga karkaɗe ta, ko da yake ba abin da ya same ta.

Ruwa ya fara tsagaitawa. Mai Walda ya matso ya ce, "Injiniya, kawo igiyar in riƙe maka, ka huta da haƙoranka. Na san akwai bayani a bakinka."

"Inna, a sake daga farko!" in ji mai giɓi. Sauran yara suka ɗauka, "Daga farko! Daga farko!"

Inna ta ɗaga kai ta dubi mijinta. Hannayensa sun gaji, muƙamuƙinsa ya ƙage, ga Mai Walda ya miƙo hannu. Mai Laima ya dubi hannun, ya girgiza kai, ya ƙara datse igiyar da haƙora.

Inna ta gyara zama. "Ranar da Baba ya sauka a tasha," ta fara.